Rage tsawon mota a gida: ado ko ganganci?

Motar tsere ta fito daga masana'anta cikinta kusa da ƙasa, tazarar ba ta cika wuce santimita 12 ba. Duk da haka akwai masu ganin ta yi tsawo. Sai su ɗaga ta a tsakar gida, su yanke sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, domin ta ƙara kwantawa.

Gaskiya ne, a filin tsere mai santsi mota mai ƙasa-ƙasa ta fi riƙe kwana. Amma hanyar Yamai zuwa Damagaram ba filin tsere ba ce.

Sifirin da aka yanke yakan yi tauri, kuma yana iya zamewa daga mazauninsa in taya ta faɗa rami. Tayoyi sukan karkace, su cinye ta gefen ciki. Tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa kwanon man inji ko ya tsinke salansa.

Ƴan kasuwa ba su manta Peugeot 504 ba, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975. Tsawon ƙafa da taushin sifirin suka sa ta jure hanyoyin karkara.

Wanda ya nace, ya sayi sifirin da aka ƙera wa irin motarsa, ƙwararren makanike ya ɗaura, ya daidaita tayoyi. Araha ba ta ado. In sitiyari ya ƙwace, mai tafiya a ƙasa da talakan da ke bisa amalanke su ne za su biya da rayukansu.