Filin Ilmin Kimiyya: Kama da Wane Ba Ta Wane

Idan aka ce wa manomi waken da ke yaɗo a gonarsa da tsamiyar da yake hutawa a gindinta 'yan gida ɗaya ne, lalle zai yi dariya. Amma haka masana ilmin tsirrai suka tabbatar. Wake, gyaɗa, gurjiya, waken suya, ɗorawa, gawo, bagaruwa, kalgo, taura da tafasa duk zuriya ɗaya ce, wadda ke da iri wajen 19,500 a duniya. Ita ce ta uku wajen yawa cikin tsirrai masu fure, galibinsu kuwa cikin kwanso suke jera 'ya'yansu.

Shekara da shekaru masana sun kasa wannan zuriya gida uku, bisa ga siffar fure. Da aka sami hanyar karanta ƙwayoyin gado da ke cikin kowane tsiro, sai asiri ya tonu. A 2017 wani rukuni na masana daga ƙasashe dabam-dabam ya sake rabon, gidajen suka zama 6. A da tsamiya, kalgo da tafasa suna gida guda. Yanzu an gane tafasa ta fi kusa da gawo da ɗorawa, kalgo ya koma gidansa, tsamiya kuma ta zauna tare da maje da taura. Sunan wannan gida nasu ma daga sunan taura na Latin, watau Detarium, aka ciro shi.

Labarin gurjiya ya fi ban mamaki. Tun da tana binne 'ya'yanta cikin ƙasa, kowa ya ɗauka ƙanwar gyaɗa ce. Ashe gyaɗa baƙuwa ce daga Amurka ta Kudu, gurjiya kuwa 'yar Afirka ce kamar wake. A 1980 masani Bernard Verdcourt ya mayar da ita cikin jinsin wake, wanda ake kira Vigna.

Wannan sake lale bai wuce ba tare da rigima ba. A da gawo, bagaruwa, dakwara mai ba da ƙaro, da wasu itatuwa wajen iri 1,000 na Ostireliya duk sunansu Acacia. Bincike ya nuna ba reshe ɗaya suke ba, tilas a raba su. To, wa zai gaji sunan? Bisa ƙa'ida bagaruwa ce ke da shi, domin ita ce ma'aunin jinsin. Amma babban taron masana na duniya na 2005 ya bai wa Ostireliya, na 2011 kuma ya jaddada hukuncin, duk da ƙorafin masana da yawa na Afirka. Bagaruwa ta zama Vachellia, dakwara ta zama Senegalia. Shi gawo dama an riga an ware shi da sunan Faidherbia.

Mai karatu zai ce, ina ruwan talaka da wannan? Da ruwansa. Wake, gyaɗa da gawo suna da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa, inda wasu ƙwayoyin halitta ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi taki. Gidan tsamiya da gidan kalgo ba su da wannan baiwa. Saboda haka malamin gona da ya san salsalar itace zai iya faɗin wanda ake sa ran ya gyara ƙasa da wanda inuwa da 'ya'ya kaɗai za a samu a wurinsa.

Haka kuma mai neman irin wake da zai jure ƙwari ko fari, wajen dangin wake na kusa da ke daji yake fara dubawa. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan tana ajiye da samfurin wake fiye da 15,000, har da na dawa. In ba a san asalin kowanne ba, za a ɓata shekaru ana neman haɗa aure tsakanin bare da bare.