Gandu ko Gayauna: Zaɓin Ƙwayoyin Sarrafawa ga Sabobin Intanet na Jami'a a Samaru

A ƙasar Hausa ta dauri, magidanci yakan raba gonarsa gida biyu. Akwai gandu, wanda 'ya'ya da ƙanne suke nomawa tare, a zuba amfaninsa a rumbu ɗaya. Akwai kuma gayauna, ɗan filin da ake yankar wa mutum shi kaɗai, ya noma abin da ya ga dama a lokacin da aka ware masa. Ba a taɓa jin an ce ɗayansu ya kori ɗaya ba, domin kowanne da muhallinsa. Wannan tsohuwar hikima ta dace da wata tambaya ta zamani da ke gaban duk wata ma'aikata mai shafin intanet, musamman babbar makaranta irin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru: shin a ɗora shafukanta a kan sabar da ake raba ƙarfin kwamfutarta da wasu, ko kuwa a kan wadda aka keɓe mata ƙarfin ita kaɗai? Matsayin wannan maƙala shi ne, jami'a ba ta da dalilin rungumar tsari ɗaya ga dukkan ayyukanta. Abin da ya kamace ta shi ne ta keɓe ƙarfi ga ayyukan da makomar ɗalibi ta rataya a kansu, ta bar sauran a gandu, kuma kada ta yanke hukunci sai bayan ta auna.

Kafin a shiga hujja, ya kyautu a fayyace abin da ake magana a kai. Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ke ajiye shafi tana miƙa shi ga duk wanda ya nema. A cikinta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, ita kuma furosesar ta zamani an kasa ta zuwa ƙwayoyi da dama, kowace ƙwaya tana iya ɗaukar nata aikin. Kamfanonin da ke ba da hayar saba ba kasafai suke miƙa wa mai haya na'ura sukutum ba. Sukan yi amfani da wata manhaja, irin su KVM ko VMware, su tsaga na'ura ɗaya zuwa ƙananan sabobi masu yawa. A tsarin haɗaka, masu haya da yawa ne ke jiran layi a kan ƙwayoyi ɗaya, kuma kamfani yakan sayar da ƙwayoyi fiye da waɗanda yake da su a zahiri, bisa hasashen cewa ba kowa ne zai buƙaci ƙarfi a lokaci guda ba. A tsarin keɓewa kuwa, ana ɗaure wa mai haya adadin ƙwayoyin da ya biya, ko yana aiki da su ko ba ya yi. Kamfanoni irin su DigitalOcean da Hetzner da Linode duk suna sayar da nau'o'in biyu, kuma na keɓewar ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya saba zirga-zirga tsakanin Samaru da Sabon Gari ya san wannan bambanci a jikinsa. Mai shiga bas ɗin haya kuɗi kaɗan yake biya, amma dole ya jira mota ta cika, ya kuma haƙura da tsayawa a kowace kwana har a kai Kwangila. Mai ɗaukar shata yana biyan ninkin kuɗin, sai dai lokacinsa a hannunsa yake. Wanda zai je cefane ranar Asabar ba shi da dalilin ɗaukar shata. Wanda kuwa ke ɗauke da mara lafiya zuwa asibitin koyarwa na Shika, tsimin kuɗin mota a wurinsa ganganci ne.

Matsalar sabar haɗaka ita ce maƙwabci mai hayaniya. Idan wani mai haya a kan na'urar ya tashi da aiki mai nauyi, sauran sukan tsaya jiran layi. Masu kula da saba mai tsarin Linux suna iya ganin wannan jira a cikin alƙaluman na'urar, inda ake nuna kason lokacin da sabar ta nemi ƙwaya amma aka ba wani. Wasu kamfanonin kuma sun mayar da abin ƙa'ida a fili. Kamfanin Amazon, alal misali, ya fito da rukunin sabobi na T2 a shekarar 2014, waɗanda ke tara maki a lokacin da ba su da aiki, su kashe makin a lokacin cunkoso. Ɗaya daga cikinsu mai suna t2.micro tana tara maki 6 a sa'a, kowane maki kuma daidai yake da aikin ƙwaya ɗaya cif na minti ɗaya. Da zarar makin ya ƙare, sai sabar ta koma kashi 10 cikin 100 na ƙarfin ƙwayar. Ga shafin da baƙi ke leƙawa jifa-jifa, wannan tsari ne mai araha da ma'ana. Ga shafin da dubban mutane za su yi wa rubdugu na sa'o'i goma a jere, tarko ne, domin ƙarfin zai yanke a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

A nan ne yanayin jami'a ya bambanta da na kanti ko na jarida. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962, tana cikin jami'o'i mafi yawan ɗalibai a Nijeriya, ga harabar Samaru, ga ta Kongo, ga kuma Cibiyar Karatu Daga Nesa wadda ɗalibanta ba su da wani aji sai intanet. Ayyukan makaranta irin wannan ba a shimfiɗe suke daidai a cikin shekara ba. Akwai makonnin rajistar kwasa-kwasai da biyan kuɗin makaranta, akwai ranar da ake buɗe neman gado a ɗakunan kwana, akwai lokacin tantance masu neman shiga, akwai ranar fitar da sakamako. A waɗannan ranaku kowa yana son shiga a sa'a ɗaya, kuma kowane shiga yana tilasta wa sabar ta bincika rumbun bayanai, ta tabbatar da kalmar sirri, ta rubuta sabon bayani. Irin wannan aiki ne yake cin ƙwaya. Idan ya haɗu da maƙwabci mai hayaniya, wanda zai sha wahalar shi ne ɗalibin da ya taso daga Giwa ko Funtuwa, ya zauna a shagon intanet a Samaru yana biyan kuɗin sa'a, ko ɗalibar da bankinta ya cire kuɗi amma shafi bai nuna an biya ba. Gadon kwana da ya kuɓuce saboda shafi ya ƙi buɗewa yana nufin hayar ɗaki a cikin gari na shekara guda. Saboda haka rumbun bayanan ɗalibai, da shafin rajista da biyan kuɗi, da manhajar jarrabawa ta kwamfuta, waɗannan sun cancanci gayaunarsu.

Akwai kuma hujjar tsaro. A watan Janairun 2018 aka bayyana wasu kurakurai a cikin ƙirar furosesoshin zamani, waɗanda aka laƙaba wa suna Spectre da Meltdown. Sun nuna cewa manhajar da ke aiki a kan na'ura tana iya leƙen bayanan wata da ke tare da ita. An yi gyare-gyare masu yawa tun daga lokacin, kuma keɓe ƙwaya ba ya maye gurbin sauran matakan tsaro, amma yana rage hanyoyin da baƙo zai bi. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin kiyaye su. Makin ɗalibi da lambar shaidarsa da bayanan lafiyarsa amana ce a wuyan jami'a.

To amma wanda ya ɗauki wannan hujja ya ce a mayar da komai kan sabar keɓewa, shi ma ya zarce gona da iri. Mafi yawan shafukan jami'a ba su da cunkoso. Shafin sashe wanda ke ɗauke da sunayen malamai da jerin kwasa-kwasai, da shafin sanarwar taron ƙara wa juna sani, da mujallun ilimi waɗanda galibi ake ɗorawa a kan manhajar Open Journal Systems, duk waɗannan sukan wuni ƙwayarsu tana hutawa. Mujallar Hausa da ke fitowa sau ɗaya ko sau biyu a shekara ba ta buƙatar ƙwayoyi huɗu na kanta. Abin da take buƙata shi ne ma'aji mai faɗi, da kwafin ajiya a wani wuri daban, da adireshin da ba zai mutu ba bayan editan da ya kafa ta ya yi ritaya. Haka nan takardun faɗakarwa irin waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da hukumar NAERLS suke wallafawa domin manoma, da kundayen digiri da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim yake adanawa. Miƙa takarda ga mai karatu aiki ne mai sauƙi ga saba, kuma kuɗin da za a ɓata wajen keɓe masa ƙwaya ya fi amfani a wajen ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen ajami.

Batun kuɗi ba ƙarami ba ne, domin mafi yawan kamfanonin waje da dala suke karɓar haya. A farkon 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. Bayan da aka sake wa naira mara a watan Yuni na shekarar, sai ga shi a 2024 dala ta haura naira 1,500. Ke nan sabar da ake biya wa dala 100 a wata ta tashi daga kimanin naira 46,000 zuwa sama da naira 150,000, ba tare da an ƙara mata ko ƙwaya ɗaya ba. Duk sashen da ya ɗaure kansa da sabar keɓewa ba bisa buƙata ba, ya ɗaure kasafinsa ne da kasuwar canji.

Wani zai ce mafita ita ce jami'a ta sayi nata na'urorin ta ajiye a Samaru, tunda tana da cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar da kuma ƙwararrun ma'aikata. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, musamman ga jarrabawar kwamfuta da ake yi a cikin haraba, wadda ba ta ma buƙatar fita intanet. Yankewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris, 2024, ta tuna wa kowa haɗarin ajiye komai a Turai. Sai dai saba a gida tana son wutar da ba ta yankewa da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, ga shi kuwa a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko zuwa naira 225 kowane ma'auni. Bugu da ƙari, sayen na'ura bai kawar da tambayar ba. Ya dai dawo da ita cikin gida ne, domin mai kula da na'urar shi ma sai ya yanke shawarar wace hidima zai keɓe wa ƙwaya, wace kuma zai bari a haɗaka. Tsakanin Turai da Samaru kuma akwai zaɓi na uku, wato cibiyoyin ajiye bayanai na cikin gida, kamar na Galaxy Backbone a Abuja da Rack Centre a Legas, inda tafiyar saƙo ta fi gajarta, bayanai kuma suke ƙarƙashin dokar ƙasa.

Abin da ya rage shi ne yadda za a yanke hukunci. Da farko, a tara alƙaluman aikin kowace saba na tsawon zangon karatu guda, har da makon rajista, a ga yawan ƙarfin da take ci da yawan jiran da take yi. Ba kowane jinkiri ne laifin ƙwaya ba. Sau da yawa matsalar tana cikin rumbun bayanan da ba a tsara shi da kyau ba, ko ƙarancin ma'ajin wucin gadi, ko siririyar hanyar intanet, kuma ƙarin ƙwayoyi ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Na biyu, a karanta yarjejeniyar haya da idon basira, domin abin da kamfanoni da yawa ke kira ƙwaya ɗaya a zahiri rabin ƙwaya ce da aka tsaga biyu. Na uku, a yi amfani da damar da hayar saba ta bayar ta ƙara ƙarfi na 'yan makonni a rage shi bayan cunkoso, maimakon biyan kuɗin shata shekara zagaye. Na huɗu, a rarraba ranakun rajista tsangaya-tsangaya, wanda mataki ne da ba ya cin ko sisi amma yana rage nauyi ƙwarai. Na biyar, a tattara ƙananan shafukan sassa da mujallu a ƙarƙashin kulawa ɗaya da adireshin jami'a, a daina barin kowane sashe yana hayar tasa sabar da katin bankin wani malami.

Shawara irin wannan bai kamata a bar ta ga injiniyoyi su kaɗai ba, kuma bai kamata a bar ta ga ofishin kuɗi shi kaɗai ba. Injiniya zai so ƙarfi ko da ba a buƙatarsa, ma'aji kuma zai so araha ko da za ta jawo asara. Magatakarda da shugabannin tsangayoyi da editocin mujallu da wakilan ɗalibai su ne suka san ranar da shafi ba zai yiwu ya faɗi ba, da ranar da jinkirin daƙiƙa biyu ba zai cuci kowa ba. Idan aka zauna da su aka jera ayyukan jami'a bisa wannan ma'auni, aka kuma ɗora alƙaluman zango guda a kan tebur, za a ga cewa kaɗan ne daga cikin sabobin suke buƙatar ƙwayoyin kansu, kuma kuɗin keɓe musu zai fito ne daga abin da aka tsimina a kan sauran.