ZAMAN HAYA A KILOMITA BIYAR: SHIN GIDAN NA WANE NE?

A wannan wata mun ajiye batun makaranta da jarrabawa a gefe, saboda wani abu da ya faru a gidan da ke kallon namu, wanda muka ga bai kamata mu yi shiru a kansa ba.

Wata Asabar da hantsi wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidan, riƙe da 'yar jakarsa, ya ce ya zo duba gidansa. Wanda ya fito masa tela ne, mai mata da 'ya'ya biyar, shekararsa shida a ciki. Ya ce, "Baba, ko dai ɓatan kai ka yi? Mai gidan nan mun san shi, duk ƙarshen wata yana zuwa karɓar kuɗinsa." Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ɗakin da kake kwana ni na haƙa harsashinsa." Ashe a 2014 ya tsere da iyalinsa zuwa Garuwa-Bulai a ƙasar Kamaru, ya bar makulli a hannun ɗan wani amininsa. Yaron ya gyara rufi, ya zuba 'yan haya, ya yi ta karɓar kuɗi, bai taɓa aika wa dattijon ko dala ba. Da ya ji labarin mai gida na hanya, sai aka neme shi aka rasa. Tela ya biya haya wata saba'in da biyu, ya ba da kosiyon na wata uku, amma ko guntun rasit ba ya da shi. Dattijo bai yi ƙarya ba, tela bai yi ƙarya ba, kuma dukansu biyu an cuce su.

Kafin mu ga laifin tela, mu tuna yadda muka gaji zama a wannan unguwa. Sunanta ma lissafin hanya ne: kilomita biyar daga PK0, tsakiyar Bangi, in ka miƙe titin Boganda. Tun zamanin Faransa, kafin 'yancin kai na 1960, iyayenmu fatake suka sauka nan, su da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi da mutanen Senegal da Mali da Kamaru, har wasu lungunan suka ɗauki sunan ƙasashen masu su. Kusa da su ga Gbaya, ga Banda, ga Yakoma, ga Ngbaka. A tsakar gida ɗaya sai ka ji Hausa da Fulatanci da Larabci, in an zo rigimar igiyar shanya kuma kowa ya koma Sango. A wancan lokaci baƙo ba ya neman dillali. Mai masauki ne zai kai shi wurin mai gida bayan sallar la'asar, a faɗi kuɗi a gaban mutum biyu, a shafa fatiha, shi ke nan. Ba a rubuta komai, domin shaidun suna nan, gobe ma suna nan, kuma mai gida ba inda za shi.

To, wannan tsari shi ne rikici ya rushe. Bayan harin 5 ga Disamba, 2013, da abin da ya biyo baya a 2014, Musulmin Bangi suka watse zuwa Chadi da Kamaru da Mali da sauran wurare. Lokacin da Paparoma Francis ya ziyarci Babban Masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba, 2015, waɗanda suka rage a nan ba su wuce kimanin dubu 15 ba. Kada kuma mu manta da ɗaya ɓangaren: maƙwabtanmu Kiristoci na Bulata da Kokolo da Fondo su ma sun gudu, da yawansu suka yi shekara uku a sansanin filin jirgin sama na M'Poko, wanda ba a rufe ba sai farkon 2017. An ƙone gidaje, an kwashe kwano da ƙofofi, wasu har bulo aka ɗebe. Waɗanda suka tsira kuwa, wani ɗan'uwa ya shiga, wani maƙwabci ya shiga da niyyar tsaro, wani kuma mai bindiga ne ya ce nasa ne, har zuwa ƙarshen 2019 da 'yan kasuwa suka yi fito-na-fito da masu kiran kansu 'yan tsaron kai. Tun daga 2019 ɗin kuma, da aka sa hannu kan yarjejeniyar dawo da 'yan gudun hijira daga Kamaru, masu gidaje suna ta komowa ɗaya bayan ɗaya. Shaidun da suka ji cinikin farko fa? Wani ya rasu, wani yana Injamena, wani yana Duwala.

Ke nan ɗakuna sun ragu, masu nema sun ƙaru. Mai son sake gini kuma sai ya sayi siminti da kwano da suka yi doguwar tafiya daga tashar jirgin ruwan Duwala, ta Beloko da Buwar, kuma kuɗin nan a wuyan ɗan haya zai sauke shi. Ba mu ce duk masu gida azzalumai ba ne. Mun san gwauruwar da ɗakuna uku ne kaɗai abincinta da na marayunta, in ɗan haya ya yi mata wata biyu bai biya ba, tukunya ba ta hawa murhu.

Wani zai ce, to me ya sa ba za ku koma wata unguwa ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kasuwar Mamadu Mbaiki nan take, kuma ita ke ciyar da rabin garin, balle mu. Mai shago yana so ya kwana kusa da kayansa. Mu ma'aikata, da muke fita aiki wasu unguwanni, muna da lissafin mota: a Janairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 865 zuwa 1,300, kuma a take taksi da ƙananan bas da 'yan babur suka ƙara nasu. Wanda ya sami ɗaki mai sauƙi a can bayan gari, abin da ya rage a haya sai ya zuba shi a hanya, ga yara su ma kowace safiya. Akwai kuma dalilin da ba mu cika faɗa a fili ba. Har yanzu akwai inda in ka je neman ɗaki, da an ji sunanka sai a ce an riga an ba wani. An haife mu a nan, an haifi iyayenmu a nan, amma sai a tambaye mu asalinmu. Shi ya sa muke cunkushe wuri ɗaya, mai gida kuma ya san ba mu da zaɓi da yawa.

Duk wannan ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne takarda, kuma nan ne muke da laifi. Kunya ce ke cin mu. Mutum zai ƙirga kuɗin wata uku ya miƙa, amma bakinsa ya yi nauyi ya ce, "Alhaji, a rubuta mini." Wai kada a ce bai yarda da dattijo ba. Haba jama'a! Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Wanda ya nemi rubutu bai zagi kowa ba. Mu da muke koya wa yara cewa lissafin da ba a nuna aikinsa ba ba ya samun maki, mun yi shekaru muna biyan haya da baki kawai, sai da abin tela ya faru muka je muka gyara namu.

Kuma ba sai an je wurin lauya ba. Kafin ka ba da ko sisi, tambayi mai unguwa da tsofaffin layin, Musulmi da Kirista, wane ne ya gina gidan nan, yana ina yanzu. Tsohuwar da ke sayar da rogo a bakin layi ta fi dillali sanin tarihin kowane gida, kuma ba ta karɓar la'ada. In wanda ke ba ka ɗakin wakili ne, ya nuna wasiƙar wakilci, ko ya kira mai gidan a waya ka ji muryarsa a gaban shaidu. Sannan a sami falle ɗaya a rubuta sunan mai gida da na ɗan haya, kuɗin wata, yawan kosiyon da ranar da za a mayar da shi, da wa'adin da za a ba mutum in ana so ya tashi. A yi shi da Faransanci, tun da shi ofis ke karantawa, a fassara wa kowa da Hausa ko Sango, mai unguwa ya buga hatimi, kowa ya riƙe kofinsa. Duk wata kuma a sa hannu a ƙaramin littafi, irin na 'yan aji ɗaya ma ya isa.

A sa har da wuta da ruwa. Gida mai ɗaki takwas da mita ɗaya, mai firiza biyu na sayar da ƙanƙara da mai ƙwan fitila ɗaya ba za su biya daidai ba, kuma mun ga zumuncin shekara goma ya lalace a kan wannan. Haka yasar masai da gyaran rufi. Ɗakin da aka nuna maka a watan Janairu, tambayi inda ruwa ke tsayawa a watan Agusta. Dubi gindin bango, zai gaya maka gaskiyar da dillali ya ɓoye.

Maganar tela dai an kai ta gaban mai unguwa, aka zauna har sau biyu, da liman da wani dattijon coci da ya san lokacin da aka gina gidan. Mai gida ya yi halin girma: ya ba shi wata huɗu ba tare da biya ba, a madadin kosiyon ɗin da ya salwanta, ya kuma bar masa shagon gaba a kan haya. Wannan karon an rubuta, mu muka riƙe alƙalamin. Iyalin tela kuwa har yanzu ana neman musu ciki da falo a kusa, domin uku daga cikin yaran suna tsakiyar shekarar karatu.