Yabon da Ba Ya Neman Tukuici

A ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ba a koya wa kowa yabo. Kirari a jinin mutane yake. Sai dai maroƙi in ya wasa basarake, tukuici yake jira. Katolikan ƙauyukan Rano da Kibiya, waɗanda yawancinsu jikokin Maguzawa ne kuma suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Kano da aka kafa a 1999, an koya musu wani yabon daban. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya ware yabo daga roƙo da godiya: a yabi Allah domin shi Allah ne, tun kafin a duba abin da ya bayar. Wani zai ce manomin da dawarsa ta bushe roƙon ruwa ya kamace shi. Gaskiya ne, kuma Coci bai hana shi roƙo ba. Amma wanda bai san Ubangiji ba sai a matsayin mai biyan buƙata, ranar da damina ta yi gardama imaninsa zai girgiza. Littafin Zabura kansa cike yake da kuka, duk da haka da yabo aka rufe shi, a Zabura ta 150. Ana ma jingine Halleluya tsawon azumin kwana arba'in, don a ji daɗinta daren Ista. Tun 1963 Majalisar Vatikan ta Biyu ta buɗe ƙofar yin sujada da harshen gida. Saboda haka, malaman coci, ku koya wa yara waƙoƙin yabo da Hausa, har su san ma'anar abin da suke rerawa.