Kafin a ƙera abu, a tuna da ƙarshensa

Ranar kasuwa da marece, idan mutane sun watse, leda ce ke cika fili. Iska ta kwashe ta, ta rataya ta a ƙaya, ta kai ta gona. Akuya ta ji ƙanshin ƙosai a jikinta, ta haɗiye. Leda ba ta narkewa a tumbi. Akuyar ta yi ta ramewa, in an yanka ta mahauci ya tarar da dunƙulen leda a cikinta. Da damina kuma leda ta toshe magudanar ruwa, ruwa ya shiga gidaje, sauro ya samu wurin haihuwa.

A shekara ta 2014 gwamnatin Nijar ta yi doka, ta hana yin ledar nan maras kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Amma har yau ana ba da ita a kasuwannin Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai. Mai tumatir yana bukatar abin da zai zuba wa mai saye kaya a ciki. Saboda haka doka ita kaɗai ba ta isa ba, sai an ba mutane abin da ya fi leda.

Wannan aiki na masu sana'ar hannu ne. Yanzu akwai ƙungiyoyin mata da na samari waɗanda ke saƙa, da ɗinki, da ƙira. Suna neman riba, amma babban nufinsu shi ne talaka ya samu aikin yi, gari kuma ya gyaru. Ya kamata kowace ƙungiya irin wannan ta yi wa kanta tambaya uku kafin ta ƙera wani abu. Daga ina kayan aiki za su fito? Abin zai daɗe, in ya lalace kuma yana gyaruwa? In ya ƙare aiki, ina za shi?

Wani malami a jihar Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya amsa tambayoyin nan da tukwane biyu. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska tana busar da shi, zafi yana fita tare da shi. Tumatir da yalo da kan ruɓe cikin ƴan kwanaki sai su daɗe da ɗanyensu. Ba a bukatar lantarki. Magina tukwane na ƙauye sun samu aiki, kuma in tukunya ta fashe ƙasa ce ta koma ƙasa. A shekara ta 2000 aka ba shi kyautar Rolex saboda wannan dabara. Matan Miriya, waɗanda tulunansu suka yi suna, sun san yumɓu irin wannan sani.

Murhun ƙarfe da a ke kira Mai Sauƙi shi ma misali ne. An yaɗa shi a Nijar cikin shekarun 1980. Maƙeran gari ke yin shi da farantin ƙarfe. Yana kewaye tukunya, yana tare iska, don haka ba ya cin itace kamar murhun dutse uku. Uwar gida ta rage kuɗin itace, daji kuma ya huta kaɗan.

Shara ma tana iya zama kayan aiki. A kasuwar Katako ta Yamai ana narka tsofaffin gwangwanayen alminiyam a zuba tukwane, ana yanka tsohuwar taya a yi takalma. A birnin Akara na ƙasar Gana, a shekara ta 2007, aka buɗe wani wurin sana'a mai suna Trashy Bags. Mutane suka riƙa tsinto ledar ruwan sha ana biyan su. Sai a wanke ta, a shanya, teloli su haɗa su ɗinka jakunkuna. Amma a lura: jakar leda in ta tsufa, leda ce har yanzu. Irin wannan sana'a tana rage shara, ba ta kashe tushenta. Rage karɓar leda a kasuwa shi ne magani na fari.

Wasu na cewa kwandon kaba yana da tsada, leda kuwa kyauta ce. Gaskiya ne mai kanti ba ya karɓar kuɗin leda a fili. Amma wanda akuyarsa ta mutu ya biya. Wanda katangarsa ta faɗi da damina ya biya. Kwando ɗaya kuwa zai yi zuwa kasuwa da dawowa har watanni, in hannunsa ya tsinke a ɗinke shi. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Duk da haka, ba a ce kowane abin gargajiya ba shi da laifi ba. Kaba ganyen ƙaramar goriba ce. A Gulbin Kaba, wajen Mayahi, mutane da yawa suna ci da saƙar tabarma da igiya. Idan aka yi ta yankan kaba ba a bar ta ta girma ba, goriba za ta ƙare, sana'ar ma ta ƙare tare da ita. Ƙungiyar kirki ita ce wadda ke yanka da lissafi, tana barin wasu tushe su zama itace.

Ƴan makaranta su ma suna da nasu rabon aiki. Yaron da aka aika kasuwa yana iya ɗaukar kwando ko kwano daga gida. Yarinyar da ke koyon saƙa wurin kakarta tana riƙe da sana'ar da gari ke bukata. Cikin ajin nan ne maƙera, da teloli, da magina na gobe su ke zaune. In sun saba da tambayoyin nan uku tun yanzu, kayan da za su ƙera ba za su kashe akuyar kowa ba.