Ba Kowace Mura Ce Ta Hunturu Ba

Kowace shekara idan hunturu ya kama, hazo ya rufe ƙasar Yako da Kiru da Bebeji har zuwa Tudun Wada da Doguwa, sai ka ji aji ya ɗauki tari da jan majina, malami da almajiransa duka. Mun saba da wannan har ba mu ɗauke shi ciwo ba. Sabon nan shi ne abin da muke so mu yi magana a kansa, gama akwai wata muguwar cuta wadda ke ɓuya a bayansa.

A cikin ƙashin fuskar mutum akwai waɗansu koguna masu iska, huɗu a dama huɗu a hagu, kowane da 'yar ƙofa mai zubowa cikin hanci. Idan ƙofar ta kumbura ta toshe, majina ta taru, sai mutum ya riƙa jin nauyi a goshi da kumatu, ƙanshi ya daina zuwa masa. In abin ya wuce mako 12, likitoci sukan ce ya zama daɗaɗɗen kumburi. Yana da wahala ƙwarai, amma yana jin magani, kuma galibi ba ya juyewa ya zama ciwon daji. Kada kowa ya firgita.

To, ina hatsarin? Sankarar hanci da kogunan nan ba ta da yawa, amma farkonta kamar murar nan yake. Kogon kunci yana da fili, saboda haka ƙari yakan yi watanni yana girma ba zafi. Abin lura shi ne gefe. Mura takan kama hanci biyu. Amma idan kafa ɗaya ce kullum a toshe, tana haɓo ko majina mai jini, ko kunci ɗaya ya mutu ba ya jin taɓi, ko haƙoran sama na gefe ɗaya suka kama girgiɗi, ko ido ya fara turowa yana ganin abu biyu-biyu, wannan ya wuce sirace da ƙwayar kemis. Sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da madubi, a ɗauki hoto, in ta kama a yanki ɗan nama a bincika.

Lissafin da ake yi a Amurka ya nuna cewa cikin mutum 10 da aka gano cutar tun ba ta bar wurinta ba, wajen 8 suna kai shekara 5. Idan kuwa ta riga ta yaɗu nesa, ba su kai rabi. Can ke nan, inda asibiti ke kusa. Mu nan jinkiri ya fi tsada.

Har wa yau akwai maganar sana'a. A 1968 likitocin Ingila suka ba da rahoto cewa sankarar hanci ta yi yawa cikin masu yin kujeru na garin High Wycombe, kuma a 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke kawo ta. Ƙurar fata ma an sa ta. Ƙasar Kano kuwa ƙasar dukawa ce da kafintoci, ga yaranmu muna tura su koyon sana'a ba ko ƙyalle a hanci. Shan taba yana ƙara hatsarin.

Mu malamai da akawuna, mu ake kawo wa takardar asibiti mu karanta, mu ake tambaya ko tafiya Kano ta zama dole. Sau da yawa mukan ce a dakata a sayar da amfanin gona tukuna, don tausayin aljihun mutum. A ganinmu wannan tausayi kuskure ne in alamun na gefe ɗaya ne. Daga Kwanar Ɗangora mota tana kai mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, kuma tun 1999 akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, inda ake duba hanci ma. Ya kamata ƙananan hukumomi su ɗauki kuɗin motar wanda ɗakin shan magani ya tura, gama kuɗin mota ne ke tsayar da yawancinsu a gida.