Wa ke da ikon dakatar da jirgin dakon kayan soja?

A ranar 9 ga watan Mayun 2015, wani sabon jirgin dakon kaya na soja samfurin A400M ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga birnin Seville na ƙasar Sifaniya, inda mutane huɗu daga cikin shida da ke cikinsa suka rasu. Bincike ya nuna cewa uku daga cikin injinansa huɗu sun daina bin umarnin matuƙa, saboda an goge wasu bayanai a lokacin sanya manhajar da ke sarrafa su.

Abin da ya biyo baya ne ya fito da wata tsohuwar matsala fili. Birtaniya da Jamus da Turkiyya da Malesiya sun dakatar da jiragensu, yayin da Faransa ta ci gaba da amfani da nata a ayyuka mafi muhimmanci. Jirgi ɗaya, hukunci daban-daban.

Da jirgin fasinja ne, hukumar ƙasar da aka ƙera shi za ta fitar da umarnin gyara na dole, kuma sauran ƙasashe kan bi sahu. To amma yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa ƙa'idojin sufurin jiragen sama na duniya, ta cire jiragen soja daga ciki.

Wani abin lura shi ne, A400M na da takardar shaidar inganci ta farar hula, wadda hukumar EASA ta Tarayyar Turai ta ba shi a 2013. Hukumar kan fitar da umarni a kansa, amma ba ta da ikon tilasta wa wata runduna. Kamfanin Airbus ma sanarwar gaggawa kawai ya aike wa masu jirgin, kwanaki goma bayan haɗarin, cewa su binciki na'urorin.

Wuƙa da nama dai na hannun kowace ma'aikatar tsaro, wadda ita ce ke buƙatar jirgin a fagen daga, kuma ita ce za ta ce a ajiye shi.

Birtaniya ta ɗanɗana kuɗar wannan tsari a 2006, lokacin da jirginta na leƙen asiri samfurin Nimrod ya kama da wuta a Afghanistan, sojoji 14 suka mutu. Rahoton binciken 2009 ya zargi ma'aikatar tsaro da fifita tsimin kuɗi a kan lafiyar jirgi, abin da ya sa aka kafa hukuma ta musamman a 2010 domin sa ido kan jiragen soja. Sai dai ita ma a ƙarƙashin ma'aikatar tsaron take.